Yadda malamin jami'a yake samun ƙarin girma, ƙarin albashi da hutun bincike

A yau da wuya a samu gari a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa, wanda ba shi da ɗalibi ko ɗaya a jami'a. Waɗansu gidajen ma sun wuce nan, ɗansu ko ƴarsu ne yake karantarwa a can. Amma kaɗan ne daga cikin iyaye suka san yadda aikin yake tafiya. Shi ya sa za ku ji ana ƙorafi a gida: an ce wane ya zama dokta, ga shi har yanzu bai gyara wa mahaifinsa zaure ba, ko kuwa an ce ya tafi wata ƙasa shekara guda yana hutu, alhali gonar gandu tana neman hannu. Wannan shafi zai bayyana muku matakan aikin malamin jami'a, da wanda yake yanke hukuncin ƙara masa girma, da inda ƙarin kuɗi yake fitowa, da ma'anar dogon hutun nan da ake ba shi. Sanin haka zai taimake ku wajen shawara idan yaronku ya ce yana son ya ci gaba da karatu bayan digirin farko, kuma zai sa ku gane abin da yake faruwa duk lokacin da kuka ji a rediyo malaman jami'a sun shiga yajin aiki.

Tsawon hanya kafin a soma

Mu fara da lissafi. Yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise, sa'an nan ya samu takardar bak. Shekara 13 ke nan, idan bai maimaita aji ko ɗaya ba. A jami'a kuma akwai hawa uku: lisans shekara 3, mastar shekara 2, doktora shekara 3. Idan kuka haɗa duka, za ku samu shekara 21. Yaron da aka sa lakkwal yana ɗan shekara 7 ba zai riƙe takardar doktora ba sai ya kai 28, wannan kuwa idan komai ya tafi daidai. Ba safai komai yake tafiya daidai ba. Rashin kuɗin bincike, da yajin aiki, da ƙarancin malaman da za su duba aikin ɗalibi, sukan ƙara shekaru a kai.

Doktora ba jarrabawa ba ce ta zama a aji a amsa tambayoyi. Ɗalibi yakan ɗauki matsala guda, ya bi ta shekara da shekaru, ya rubuta littafi mai kauri a kanta, sa'an nan ya tsaya gaban manyan malamai ya kare abin da ya rubuta. Wannan takarda ita ce ƙofar shiga aikin. Wanda ya same ta bai kai ƙarshen hanya ba, a ranar ne ma yake tsaye a gindin tsani.

Jami'o'in da yake iya nema aiki a cikinsu sun ƙaru. Ta Yamai ce uwa: an buɗe ta a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Shi Abdu Mumuni haifaffen Tasawa ne a 1929, masanin kimiyya da ya yi suna wajen binciken amfani da hasken rana, ya shugabanci jami'ar, ya rasu a 1991. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Tilaberi da tamu ta Doso.

Hawa huɗu na tsani

Malamin jami'a a Nijar yana da suna biyu a haɗe: mai karantarwa kuma mai bincike. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ana biyan shi ne don ya koyar da ɗalibai, kuma don ya gano abin da ba a sani ba ya rubuta shi.

Hawan farko shi ne asistan, wato mataimaki. Sabon dokta a nan yake somawa. Na biyu metir-asistan. Na uku metir da konferans, wanda daga nan ne ake lissafa mutum cikin manyan malamai, har ya iya jagorantar ɗaliban doktora. Na huɗu shi ne cikakken farfesa. Masu aikin bincike zalla, kamar na cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, su ma suna da hawa huɗu da suka yi daidai da waɗannan, sai dai sunayen sun bambanta.

A gari mukan ce wa duk wanda yake karantarwa a lise ko jami'a farfesa, don girmamawa. Ba laifi ba ne. Amma a takarda, farfesa sarauta ce da mutum yakan shafe shekaru masu yawa bayan doktora kafin ya kai gare ta, da yawa kuma sukan yi ritaya ba su kai ba.

Wa yake ƙara wa malami girma?

A nan ne abin ya bambanta da sauran aikin gwamnati. Shugaban jami'a ba ya iya tashi ya naɗa wanda yake so farfesa. Minista ma haka. Hukuncin cancanta yana fitowa ne daga wata hukuma ta ƙasashen Afirka da ake kira CAMES, ana faɗinta Kames. A Yamai aka yanke shawarar kafa ta, a taron shugabannin ƙasashe na watan Janairu 1968, aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Lome a 1972. Hedikwatarta tana Wagadugu, kuma wanda ya fara riƙe ta shi ne masanin tarihin nan na Burkina Faso, Joseph Ki-Zerbo. Ƙasashe 19 ne a cikinta, mafi yawansu masu aiki da Faransanci.

Dalilin kafa ta mai sauƙin ganewa ne. Bayan samun ƴancin kai, kowace ƙasa tana da ƴan malamai ƙalilan, kowa ya san kowa. Idan aka ce abokan aikin mutum ne kaɗai za su auna shi, to zumunci da gaba da siyasa za su shiga ciki. Sai aka ce a haɗa kai, malamin Nijar ya je gaban na Senegal da na Kamaru da na Benin, su da ba su ci da shi ba ba su sha da shi ba, su duba aikinsa. Wata fa'idar kuma, darajar da ya samu ana karɓarta a duk ƙasashen ƙungiyar.

Ga yadda ake yi. Malamin da ya cika shekarun da aka ƙayyade a hawan da yake, yakan haɗa dosiye. A ciki akwai takardun karatunsa, da shaidar darussan da ya koyar, da ayyukan da ya yi wa jami'a da jama'a, da abin da ya fi komai nauyi, wato rubuce-rubucen bincikensa da aka buga. Jami'arsa ce take tura dosiyen, yanzu ta intanet ake yi. Sau ɗaya a shekara, a watan Yuli, kwamitocin masana sukan zauna, kowane fanni da nasa: masu aikin likita daban, masu kimiyya da noma daban, masu harsuna da tarihi daban. Zaman yana zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa, Yamai ta karɓi na 2018. Sakamakon iri biyu ne. Ko a rubuta sunan mutum a jerin waɗanda suka cancanta, ko a ce ya dakata, a gaya masa abin da ya rage masa, ya sake dawowa. Wanda aka rubuta, daga nan ne gwamnatin ƙasarsa take fitar da takardar naɗa shi a sabon matsayi, albashi kuma ya bi takardar. Tsakanin labarin nasara da shigar kuɗi aljihu akan samu watanni. Don haka idan ɗanku ya kira ku a watan Yuli yana murna, ku taya shi murna, amma kada ku ci bashi a kan ƙarin.

Sharuɗɗan suna ƙara tsanani yayin da ake hawa. Wanda yake neman zama cikakken farfesa, ban da yawan rubutu, sai ya nuna ɗaliban da ya jagoranta har suka kammala doktora. Wato ba a ba mutum babbar kujera sai ya haifi magada a fanninsa. Ni dai a ganina wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowanne hikima a cikin tsarin.

Akwai kuma gajeriyar hanya mai wuya, wadda ake kira agiregasiyo. Gasa ce da ake yi wa likitoci da masu haɗa magunguna tun 1982, da masana shari'a da tattalin arziki tun 1983, kowane rukuni sau ɗaya a shekara biyu, a watan Nuwamba. Ɗan takara yakan fara kare rubuce-rubucensa gaban alƙalai. A fannin shari'a da tattalin arziki, sai ya zaro batu cikin ƙuri'a, a rufe shi a ɗaki da littattafai na awa 8, ya fito ya gabatar da darasi a cikin lokacin da aka yanka masa. Likita kuwa har marar lafiya ake kawo masa ya duba a gaban alƙalan. Wanda ya ci ya zama metir da konferans nan take. Saboda haka idan kun je asibitin Yamai kuka ji an ce likitan nan agireje ne, ku san ta wannan ƙofa ya bi.

Mene ne rubutun da ake ƙirgawa?

Ba kowane rubutu ba ne. Wasiƙa a jarida ko jawabi a rediyo ba sa shiga lissafi. Abin da ake nema shi ne maƙalar da aka buga a mujallar masana. Malami yakan aika da maƙalarsa, masu mujallar su tura ta ga waɗansu masana na fannin, galibi ba tare da shi ya san ko su wane ne ba. Su karanta, su ce a buga, ko a gyara, ko a yar. Maƙala ɗaya tana iya cin shekara kafin ta fito. Wanda kuma aka kama ya kwashi aikin wani ya sa sunansa, Kames tana da kwamitin ladabtarwa da yake iya hana shi takara.

A nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye, ko da ba ku da kowa a jami'a. Kun sha ganin baƙi sun zo gari da littafi da na'urar ɗaukar murya, suna tambayar tsofaffi tarihin sarautar Arewa, ko suna auna zurfin rijiyoyin Dallol Mawri, ko suna ƙirga zangarniyar hatsi a gona. Abin da kuka gaya musu shi yake zama maƙala, maƙalar kuma ita take zama ƙarin girma. Ƙasarmu ta daɗe tana ciyar da masana ta wannan hanya. Bafaranshe Marc-Henri Piault ya wallafa littafi a kan tarihin Mawri a 1970. Adeline Masquelier, wadda take karantarwa a jami'ar Tulane ta Amurka, ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi a kan bori a garin a 2001, da wani a kan mata da addini a 2009. Labarin Sarauniyar Lugu da yaƙin da ta yi da rundunar Faransa a 1899, shi ma bakin mutanen nan ne ya riƙe shi kafin ya shiga takarda.

Ba abin ƙi ba ne ku amsa wa mai bincike. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake kashe ƙwari ba tare da magani ba, daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincike na Afirka ya fito, masana INRAN kuma suka gwada shi a ƙauyukan Nijar. Haka ƙaramin ƙwaron nan da ake saki a gona don ya kashe tsutsar zangarniya, masu bincike na Maraɗi sun yi aiki mai yawa a kansa. Amma kuna da haƙƙi. Ku tambayi baƙon daga wace jami'a yake, kuma me za a yi da maganarku. Kuna iya cewa kada a sa sunanku, kuna iya ƙin a ɗauki hotonku. Kuma ku roƙe shi idan ya gama ya dawo ya faɗa muku abin da ya gano, da Hausa. Kusan duk mujallun nan da Faransanci ko Ingilishi ake buga su, ga su da wuyar samu, har ya zama wanda ya ba da labarin shi ne na ƙarshen jin sakamakonsa. Wannan aibi ne na tsarin da ba a gyara ba tukuna. A Kano da Sakkwato da Zariya dai ana rubuta littafin doktora sukutum da Hausa a sashen harsuna, abin da yake nuna cewa harshen bai gaza ba.

Inda ƙarin kuɗi yake fitowa

Albashin ma'aikacin gwamnati a Nijar ana lissafa shi ne da wata lamba da ake kira andis. Ku ɗauke ta kamar yawan tiyar hatsi da aka rubuta wa mutum a wata. Gwamnati ce take yanka kuɗin tiya ɗaya, sai a ninka da yawan tiyoyin. Saboda haka albashi yana ƙaruwa ta hanya uku.

Ta farko ita ce daɗewa. A cikin kowane matsayi akwai ƙananan matakai, ma'aikaci yakan hau ɗaya duk bayan shekara biyu. Ƙarin ba shi da yawa, amma ba ya bukatar gasa. Ta biyu ita ce sauya matsayi ta hanyar Kames, wannan ita ce babbar tsalle, domin ana mai da mutum wani sabon jeri na lambobi. Ta uku ba ta hannun mutum ɗaya ba ce: ita ce a sake dokar aikin gaba ɗaya, a ɗaga lambobin kowa ko a ƙara alawus. Ban da albashi akwai kuɗin bincike, da kuɗin awoyin da malami ya koyar fiye da abin da aka ɗora masa, da alawus na wanda aka ba shugabancin sashe.

Hanya ta uku ita take kawo yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'a ta Nijar sunanta SNECS. Takan dakatar da darasi a kan bashin albashi da alawus, wani lokaci kuma a kan abin da ba kuɗi ba ne. A 2018 da 2019 an yi doguwar jayayya a kan ko malamai da ɗalibai ne za su zaɓi shugaban jami'a ko gwamnati ce za ta naɗa shi, gwamnati ta sauya doka ta koma naɗawa. A Nijeriya ƙungiyar ASUU ta rufe jami'o'in tarayya wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya fi shan wahala a irin wannan hali shi ne ɗalibin ƙauye, wanda mahaifinsa ya sayar da rago ya biya masa kuɗin mota da na ɗaki, ga shekara ta tafi a banza. Idan kuna da ɗalibi, ku sa wannan cikin lissafinku tun farko: karatun shekara uku yana iya cin huɗu ba tare da yaron ya faɗi jarrabawa ba. Kafin ku zarge shi da wasa, ku nemi ya nuna muku takardar sakamakonsa.

Akwai abin da tsarin yake mantawa da shi. Malamin da yake tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗaki, ya kwana yana gyaran takardunsu, bai samu lokacin rubuta maƙala ba, yana iya zama a hawa ɗaya shekaru da yawa, wanda ya fi shi wayon rubutu ya wuce shi. Mata kuma nauyinsu biyu ne. Doka ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, amma shekarun da ake so ta fi yawan rubutu su ne shekarun goyo. Gidan da yake da ƴa ko suruka a wannan aiki, babban taimakon da zai yi mata shi ne ya sauƙaƙa mata hidimar gida a watannin da take haɗa dosiye.

Dogon hutu: gonar da aka bari ta huta

Yanzu sai maganar hutun da ake kira sabatik. Kalmar daga harshen Ibrananci take, tushenta ɗaya da sunan ranar Asabar. A cikin Attaura an umarci Bani Isra'ila su noma ƙasa shekara shida, ta bakwai su bar ta ta huta. Manomin Arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Kakanninmu sukan bar gona ta zama saura, ciyawa da sabara su rufe ta, dabbobi su zuba taki, bayan ƴan shekaru a dawo a same ta da ƙarfi. Yau da mutane suka yi yawa ƙasa ta ƙaranta, saura ta yi wuya, kowa kuma yana ganin yadda damma yake raguwa a gonar da ba ta hutawa. Kan malami ma haka yake. Wanda ya shekara goma yana maimaita darasi ɗaya daga tsohon littafinsa, ilimin fanninsa ya wuce ya bar shi.

Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara mai da wannan doka a 1880: malami yana iya ɗaukar shekara ɗaya cikin kowace bakwai, a biya shi rabin albashi. Daga nan al'adar ta bazu. A Faransa, wadda tsarin jami'o'inmu ya samo asali daga nata, malami yana iya neman wata 6 bayan ya yi aikin shekara 3, ko wata 12 bayan shekara 6, kuma sai ya gabatar da shirin binciken da zai yi. A Nijeriya, inda danginmu na Kangiwa da Birnin Kabi da Sakkwato suke, abin da aka saba shi ne shekara ɗaya bayan aikin shekara 6 ba yankewa, ga malamin da ya kai matsayin babban lakcara ko sama. Albashinsa yana tafiya, kuma yakan je wata jami'a ya koyar a can, ita ma ta biya shi. Wannan ya sa waɗansu suke ɗaukar shekarar a matsayin damar gina gida maimakon damar rubuta littafi. Ba zan ga laifinsu ƙwarai ba, ganin yadda albashi yake, amma ba don haka aka ƙirƙiro hutun ba.

Ko'ina ne, sharuɗɗan sun yi kama. Ba a ba sabon ma'aikaci. Sai an rubuta takardar nema an faɗi inda za a je da abin da za a yi. Sai sashen ya tabbatar akwai wanda zai riƙe darussan, abin da yake da wuya a ƙaramar jami'a inda wani fannin malami ɗaya ne tak yake da shi. Idan an dawo sai an kawo rahoto, kuma sai an ci gaba da yi wa jami'ar aiki na wani lokaci, ba a karɓi hutu a zarce ba. Kun ga ke nan sunan hutu kawai ya ara. Mutumin da kuke jin haushin bai zo noma ba, mai yiwuwa yana can a ɗakin gwaji ko ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, yana haɗa maƙalun da za su kai shi hawa na gaba. Hutun da ƙarin girman igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Kada ku haɗa wannan da waɗansu hanyoyin barin wurin aiki da dokar ma'aikatan gwamnati ta tanada, domin bambancinsu ya shafi tukunyar gida. Akwai hutun shekara na kowa da kowa. Akwai tafiya ƙarin karatu da izinin hukuma, inda albashi yake ci gaba. Akwai aron ma'aikaci ga wata hukuma, wadda ita za ta riƙa biyan shi, amma shekarunsa na aiki suna ci gaba da ƙirguwa. Sa'an nan akwai wadda ake kira disponibilite, wato mutum ya ajiye aiki na wani lokaci don bukatar kansa. A wannan babu albashi, kuma hawan matakai yana tsayawa. Matar da mijinta ya ce zai bar wurin aiki shekara guda, ya kamata ta san wace iri ce daga cikin waɗannan aka rubuta a takardarsa. Ga amfanin iya karatu: ki karɓi takardar ki duba da idonki, ko ki kai wa malamin ajinku ya karanta miki.

Malaman da suka fi kusa da ku

Mafi yawanku ba farfesa kuke gani kullum ba, mushen lakkwal ɗin garinku kuke gani. Shi ma yana da tsaninsa, ko da yake ba ya bi ta Kames. Makarantar horon malamai, kamar ta Mali Bero da take Doso, ita take fitar da shi. Bayan ya kama aiki yana da jarrabawar ƙwarewa da yake yi, har mai duba makarantu ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake koyarwa. Wanda ya yi shekaru yana iya shiga gasa ya tafi babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Yamai, ya fito mai ba malamai shawara ko sufeto. Akwai waɗanda suka soma daga ajin zana a ƙauye, suka bi wannan hanya a hankali har suka kare doktora.

Babban bambanci yana tsakanin wanda aka ɗauka cikakken ma'aikaci da ɗan kwantaragi. Ɗan kwantaragi ba shi da lambar andis, abin da ake ba shi ƙayyadadde ne, ba ya hawa duk shekara biyu. Sai ranar da aka ba shi lambar ma'aikaci ne lissafin matakansa yake somawa. Idan kwamitin makarantar garinku yana mamakin yadda malamai ba sa daɗewa, to sau da yawa dalilin yana nan. Garin da ya sama wa malaminsa ɗaki, ya taimaka masa da hatsi lokacin da kuɗinsa suka makara, ya fi samun wanda zai zauna har ya ga ƴan ajin farko sun kai ajin jarrabawa.

Idan yaronku ya gama lisans ya ce zai ci gaba, ku zauna da shi ku yi masa tambaya huɗu. Wane malami ne ya yarda zai jagorance shi, kuma a wane hawa malamin yake, tun da ba kowa ne yake da ikon jagorantar doktora ba? Wa zai biya kuɗin rajista da na bincike, akwai bursu ko babu? Shekara nawa gida zai jira kafin ya fara kawo wani abu? Kuma idan bai samu gurbi a jami'a ba, ina kuma takardar za ta yi masa amfani? Guraben asistan kaɗan ne, ana buɗe su ne gwargwadon kuɗin da gwamnati ta ware, kuma masu doktora da yawa sukan fara da koyarwa ta awa-awa a jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu kafin a ɗauke su. Yaron da ya iya amsa tambayoyin nan huɗu dalla-dalla ya riga ya yi tunani a kan abin da yake nema. Wanda ya kasa, ku ba shi lokaci ya je ya tambayo malamansa, ku sake zama bayan girbi.